Birnin Katsina Sa'ad da Ya Ƙasaita

Wanda duk ya taso daga Dutsin-Ma, ya bi ta Kurfi ya nufi birnin Katsina, ta Ƙofar Ƙwaya ya ke shiga. Ita ce ɗaya daga cikin ƙofofi bakwai na tsohuwar ganuwa. Sauran shidan su ne Ƙofar Ƙaura, da ta 'Yandaka, da ta Guga, da ta Sauri, da ta Durɓi, da ta Marusa. Yanzu ganuwar ta zube a wurare da yawa, gidaje sun haye inda ta ke a da, amma sunayen ƙofofin ba su ɓace ba. In mai karatu ya sake duba sunayen nan, zai ga huɗu daga cikinsu sunayen sarautu ne, har yau kuwa masu riƙe da su hakimai ne. Ƙaura na Rimi, Durɓi na Mani, Marusa na Dutsi, 'Yandaka kuwa shi ne hakimin Dutsin-Ma. Babu ko ɗaya a cikin ƙofofin nan bakwai da ke ɗauke da sunan Korau, wanda ya kafa gidan sarautar da ya riƙe birnin shekara fiye da 300. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba sarki shi kaɗai ya tallafi Katsina ba a zamanin ƙasaitarta.

Zamanin da a ke nufi shi ne ƙarni na 17 da na 18, watau daga 1600 zuwa wajen 1800. Amma ba a gane shi sai an koma baya kaɗan.

Gabas da birnin, a ƙasar Mani, akwai waɗansu tsibin ƙasa masu girma da a ke kira Durɓi ta Kusheyi, kaburburan sarakunan farko ne, waɗanda a ke ce wa Durɓawa. An tona waɗansu daga cikinsu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa. Masu ba da labari sun ce na ƙarshe a cikin gidan nan na farko shi ne Sanau. A zamaninsa wani baƙo ya zo daga 'Yandoto, sunansa Korau. Al'adar ƙasar kuwa a lokacin nan, sarki ya kan yi kokawa da wanda ya nemi gadonsa. Aka ce Korau ya sami asirin Sanau ta hannun matarsa, aka haɗu a gindin wata tsamiya da a ke kira Bawada, ya kā da shi, ya yanka shi, ya hau gado. Takobin da a ke danganta masa, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina, fadar kuma har yanzu Gidan Korau a ke ce mata. Masana tarihi sun sa zamaninsa daga wajen tsakiyar ƙarni na 15 zuwa ƙarshensa, shi a ke ƙirgawa farkon sarkin Katsina Musulmi.

Abin lura a labarin nan, abin da ya biyo bayan kokawar ya fi kokawar muhimmanci. Korau ya karɓe mulki, amma ba a shafe gidan da aka kayar ba. Durɓi ya zauna a cikin manyan ƙasa, har ya zama yana cikin masu zaɓen sarki. Watau baƙo ya hau gado, mai gida kuma ya sami mazauni a majalisa. Wannan hali na shigo da sabo ba tare da an kori tsoho ba, shi ne za mu yi ta gani a cikin sha'anin birnin nan.

Ba dare ɗaya Katsina ta girma ba. Wani matafiyi mutumin Fas, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya rubuta labarin ƙasashen Sudan a farkon ƙarni na 16, bai ga abin yabo a ƙasar Katsina ba, ƙauyuka ya ambata da bukkoki. Duk da haka a daidai lokacin nan malaman duniya sun riga sun san da ita. Shaihu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Takruru, ya ambaci Ibrahim sarkin Katsina a cikinta. Shaihu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Katsina da Kano wajen 1492. Wani malami kuma, Muhammadu ɗan Ahmadu Attazakti, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta komowa daga hajji, ya zauna, aka ba shi alƙalanci, ya rasu a nan wajen 1529. Dubi wannan, mutum baƙo ne, ba danginsa a garin, aka miƙa masa shari'ar 'yan gari. Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai kamar ƙafa 50, ita ma ga zamanin nan na farko a ke mayar da asalinta. Ganuwa kuwa an ce Sarki Ali Murabus ya yi babban aikinta.

A ƙarni na 16 Katsina tana tsakanin manyan dauloli biyu, Sanwai a yamma, Barno a gabas. Askiya Muhammadu na Sanwai ya kawo mata yaƙi wajen 1513. Bayan shekara 40 aka sake karo, wanda littafin Tarihin Sudan na malaman Tumbutu ya adana labarinsa. A 1554, zamanin Askiya Dawuda, barade 24 na Sanwai suka auka wa dawakin Katsina 400 a wani wuri da a ke kira Karfata. Aka kashe 15 daga cikinsu, aka kama 9 da raunuka. Katsinawa ba su kashe su ba, ba su kuwa sayar da su ba. Suka yi jinyarsu har suka warke, suka mayar wa Askiya da su, don a ganinsu jarumai irin waɗannan ba su cancanci mutuwa ba. Wanda ya rubuta labarin nan ba Bakatsine ba ne, mutumin abokan gāba ne, shi ya sa shaidarsa ta ke da nauyi.

Sa'an nan a 1591 rundunar Sarkin Maroko ta ƙetaro hamada da bindigogi, ta karya Sanwai a Tondibi. Tumbutu da Gawo suka shiga rikici, hanyoyin fatauci na yamma suka lalace, ayarin raƙuma suka ƙara karkata ga hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gadamus da Gat da Agadas. Hanyar nan kuwa in ta fito daga hamada ta shigo ƙasar Hausa, Katsina ce babban zango na farko. Abin da ya zama asara ga Tumbutu ya zama rabon Katsina.

To, kafin mu shiga cikin birnin mu ga yadda a ke mulkinsa, ya kamata mu leƙa wani birni na can nesa, don abu ba ya bayyana sosai sai an ajiye shi kusa da wani. A ƙasar Yunan, wadda a ke kira Girka yanzu, akwai birnin Atina. Ya ƙasaita tun shekara 400 da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zamanin wani shugaba mai suna Perikilis. Malamanmu sun san sunayen masu hikimar da suka zauna a can, Sukuratu da Aflaton da Aristo, ta hanyar littattafan Larabci. Mutanen Atina ba su da sarki. 'Yan gari maza su kan taru a bisa wani tudu, a kawo magana, ko ta yaƙi ko ta kuɗi, kowa na da ikon ya tashi ya faɗi ra'ayinsa, sa'an nan a ɗaga hannu, abin da ya fi rinjaye shi za a yi. Suna da majalisa ta mutum 500 waɗanda a ke fitarwa da ƙuri'a ko wace shekara. In kuwa suka ji tsoron wani babba zai fi ƙarfinsu, sai kowa ya rubuta suna a kan katanga, watau fasasshiyar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa a kore shi daga gari shekara 10.

Daga nan ne Turawa suka samo kalmar dimokuraɗiyya, suna kuwa alfahari da ita. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Mata ba su shiga taron nan, bayi ba su shiga, baƙi ma ba su shiga, ko da mutum ya tsufa a garin. A shekara ta 451 kafin haihuwar Annabi Isa, Perikilis ya kawo doka cewa ba ɗan gari sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne. Baƙo ba shi da ikon mallakar gida ko gona sai an yi masa alfarma ta musamman. Aristo da kansa, duk da shekarun da ya yi yana karantarwa a Atina, har ya bar ta bai zama ɗan gari ba. Katsina ba ta san taron jama'a irin wannan ba, talaka ba shi da bakin magana a kan wanda zai mulke shi, wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta. Amma ta wajen baƙo ta yi abin da Atina ta ƙi yi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A Katsina raɓar nan ta kan kwana, ta yi gida, ta haifi 'ya'ya, jikokinta su zama alƙalai da limamai da masu unguwa.

Sarki shi ne kan kome, shi ke naɗi, shi ke tuɓewa, shi ke da tambari, gare shi a ke ɗaukaka ƙara ta ƙarshe. Amma shi kansa naɗa shi a ke yi. Hanya mafi sauƙi ta gane tsarin nan ita ce a dubi Maraɗi, inda zuriyar Korau suka koma da al'adunsu bayan jihadi. A can manya huɗu ne a ke kira rukuni: Ƙaura, da Galadima, da 'Yandaka, da Durɓi. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, dawaki na hannunsa. Galadima shi ke lura da sha'anin gari da na fada, a Maraɗi kuwa daga cikin babanni a ke naɗa shi, watau bayin da aka dandaƙe, don wanda ba shi da ɗa ba ya yi wa ɗansa kwaɗayin gado. 'Yandaka da Durɓi 'ya'ya ne, sarautarsu ta gado ce a gidajensu. Su huɗun nan ba 'ya'yan sarki ba ne, saboda haka ba su neman gadon da kansu, amma su ke zaɓen wanda zai hau daga cikin 'ya'yan sarki, in kuwa suka haɗa kai suna iya sauke shi. Sarki ya san da wannan, su ma sun san in ɗayansu ya fita shi kaɗai sarki na iya gamawa da shi. Kowa na tsoron kowa daidai gwargwado, a kan haka a ke zaune lafiya. A ganina dabarar nan ba ta gaza ta masu rubuta suna a kan katanga ba, don abin da su duka biyu ke gudu ɗaya ne, kada mutum guda ya fi ƙarfin gari.

Akwai kuma sarautar mata. A Maraɗi Iya, wadda a ke naɗawa daga cikin matan gidan sarauta, ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana da fadawanta, ba a kuwa raina maganarta a fada. Wannan ya nuna Musulunci ya daɗe a birni, amma al'adun da ba su fita daga gidan sarki ba. Tsofaffi sun gaya wa Turawan farko cewa a zamanin da, in an zaɓi sabon sarki, sai a kwantar da shi, a yanka baƙin sa a bisansa jinin ya zuba masa, fatar kuma a naɗe gawar wanda ya rasu a ciki. Sarkin da a ke yi wa haka, shi ne kuma ke fita Idi, malamai na yi masa addu'a. Ƙafa ɗaya a masallaci, ɗaya a gindin tsamiya. Muddin ƙasa na cikin wadata an haƙura da wannan, amma ƙulli ne da ke jiran ranar kwancewa.

Wajen maƙwabta kuwa, Katsina ta san inda za ta sunkuya da inda za ta ɗaga kai. Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarimu, ya ji cewa ko wane sabon sarkin Katsina ya kan aika da bayi 100 ga Mai na Barno a Birnin Gazargamu sa'ad da ya hau gado, daga nan kuma ba a sake neman kome gare shi. Da Kano ne aka yi ta gwabzawa, kusan shekara 150 ana yi ana hutawa, dalili kuwa bai wuce wanda zai riƙe bakin hanyar hamada ba. Sarkin Kano Kutumbi ya zo ya tsare Katsina wata tara bai ci ta ba, da ya sake komowa kuma a wannan yaƙin ya sami ajalinsa a 1648. Bayansa kaɗan, zamanin Sarkin Kano Shekarau, wajen 1650, aka yi sulhu, littafin Tarihin Kano kuwa ya ce malamai ne suka shiga tsakani. Lalle akwai abin da ya sa aka saurare su, don Kwararrafa na tasowa daga kudu, ba su bambanta Bakano da Bakatsine. Amma abin dubawa shi ne, yaƙin da sarakuna da barade suka kāsa kashewa, masu alkalami da tawada suka kashe shi.

Wannan ya kawo mu ga malamai, waɗanda su ne ƙawar birnin a ƙarni na 17. Biyu sun fi shahara, har yau ana ziyartar kaburburansu. Ɗaya shi ne Muhammadu ɗan Assabbagi, wanda a ke kira Ɗan Marina, don ma'anar sunan ke nan da Larabci. Yana da waƙa ta Larabci mai suna Mazjaratul Fityani, inda ya lissafa fannonin ilmi, ya kwaɗaitar da samari ga nemansu, yana da wata kuma da ya yi don murnar nasarar Mai Ali na Barno a kan Kwararrafa. Na biyu shi ne Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595, ya rasu a 1667, asalin gidansu kuwa daga Barno. Ya yi sharhin Ishiriniya, wadda almajirai ke rerawa har gobe, ya yi sharhin Ashmawi na fiƙihu, ya kuma rubuta amsa ga malaman ƙasar Yarabawa. Ka ga ke nan tun a wancan zamani ana aiko da tambaya daga kudu mai nisa, ana jiran fatawa daga Katsina. Unguwar Masanawa sunansa ta ɗauka. Katsinawa na ba da labari cewa da Kwararrafa suka kewaye birnin, dokin madugunsu ya harbe shi ya mutu, rundunar ta watse, suna danganta wannan ga addu'ar Ɗan Masani. Ko mutum ya karɓi labarin yadda ya ke, ko ya ɗauke shi hikaya, ya dai nuna wanda jama'a suka ɗauka shi ne garkuwar gari.

A ƙarni na 18 aka sami wani wanda sunansa ya fi nisa. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da taurari da ilmin hatimi. Ya tafi hajji, ya zauna a Masar yana karantarwa. Wajen 1732 ya rubuta bayani a kan yadda a ke tsara hatimi mai gidaje mara, irin wanda in ka tara lambobinsa ta tsaye, ko ta kwance, ko ta karkace, jimla ɗaya za ka samu. Masana lissafi na wannan zamani sun duba aikin nan sun yaba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Mutum ya yi karatunsa a ƙasashenmu, ya je gindin Azhar aka zauna gabansa ana ɗaukar darasi. Ba a birni kaɗai ilmin ya tsaya ba, 'Yandoto ma, can kudu maso yamma, gari ne na malamai da almajirai ke nufa daga nesa.

Malami ba ya karantarwa da yunwa, sarki kuma ba ya hawa doki sai an sayo shi. Abin da ya ɗauki nauyin duka shi ne kasuwa. Daga arewa raƙuma na kawo gishirin Bilma, da dawaki, da takarda, da alharini, da murjani, da takubba, da jajayen huluna. Daga nan kuma a ɗauki jar fata ta jima, da turkuɗi da sauran baƙaƙen tufafi na rini, da hatsi don mutanen Azbin. Daga Gwanja fatake na kawo goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Wuri, watau kuɗin da a ke ƙirgawa da hannu, ya yawaita a ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 18, ya sauƙaƙa ciniki ƙwarai. Ba kuwa za a tsallake maganar bayi ba. Mutane ne a ke kamowa wajen yaƙi, a kora su cikin hamada, da yawa ba su kai ba. Wani kashi na dukiyar birnin daga nan ya fito, kamar yadda azurfar Atina bayi ne suka haƙo ta.

Sunayen unguwanni su ne rajistar baƙin da suka zauna. Tudun Malle na mutanen Malle ne, watau Wangarawa, waɗanda suka zo da fatauci da littattafai tare. Tawatinke ta mutanen Tuwat ce, can tsakiyar hamada. Larabawan Gadamus na da gidajensu da wakilansu. Barth ya rubuta sunayen unguwannin birnin masu yawan gaske a littafinsa, ya ce kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, ya kuma ƙiyasta cewa ko rabin filin nan ne kaɗai ya cika da gidaje, mutanen birnin sun kai 100,000 a zamanin ƙasaitarsa. Ya ce a ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babban birnin wannan sashi na Sudan wajen ciniki da mulki, a nan ne Hausa ta fi wadata da daɗin furuci, mutanenta kuma sun fi sauran Hausawa ladabi. Kanawa ba za su so jin wannan ba, amma ba Bakatsine ya faɗa ba. Kirarin nan na ɗakin kara da a ke yi wa Katsina, watau gidan kunya da karamci, ba banza ya samu ba. Garin da ke ci da baƙi dole ya koyi gaisuwa.

Mu mutanen ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi muna da rabo a cikin labarin nan, ko da ya ke littattafai sun fi ambaton birni. Mutum 100,000 ba su ci daga gonakin cikin ganuwa kaɗai. Gero da dawa da auduga da bābā daga karkara su ke shiga, daga garuruwa irin na kwarin Karaɗuwa da Bunsuru. Sunan garin Karofi kansa sana'a ya ke faɗa, don karofi shi ne wurin rini. Ko wace riga da Buzu ya saya a kasuwar birni, akwai wanda ya shuka audugarta, da matar da ta kaɗa zaren, da masaƙi, da marini, da mabugi, yawancinsu kuwa ba su taɓa ganin Gidan Korau ba. Su ne kuma ke biyan kuɗin ƙasa, su ke ba da 'ya'yansu in an buga tambarin yaƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san abin da a ke rubutawa a fada da abin da a ke karɓa a ƙauye ba kullum su ke daidai ba, ragowar kuwa a hannun jakadu ta ke maƙalewa.

Nan ne tsarin ya ke da rauni. Rukuni na iya tsare sarki, amma ba wanda ke tsare rukuni da jakadunsu saboda talaka. A ƙarshen ƙarni na 18 yaƙi da Gobir ya tsananta. Katsina ta yi nasara a Ɗankaishi wajen 1790, inda aka kashe ɗan Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, shi kuma bai daɗe ba ya rasu. Amma yaƙi ko an ci shi kuɗi ya ke ci, kuɗin kuwa daga karkara za su fito. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da ya ga sarakunan Hausa na yi waɗanda shari'a ba ta yarda da su ba, kamar jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da a ke kai wa mai mulki kafin ya saurari ƙara, da kamuwa, watau ƙwace dabbar talaka a ɗora mata kayan sarki. Malaman karkara suka riƙa faɗin haka a wa'azi, makiyaya da manoma na ji. A cikin fada kanta an sami Sarki Gozo, wajen 1795 zuwa 1801, wanda ya karkata ga malamai, ya nemi raba sarauta da al'adun iskoki. Bai daɗe ba aka kashe shi. Manyan da aka ajiye don su hana sarki zalunci, su ne kuma suka hana shi gyara.

Da jihadi ya tashi a 1804, mutum uku suka jagoranci jama'ar Shehu a ƙasar Katsina: Malam Ummarun Dallaji, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Muhammadu Na Alhaji. Malaman 'Yandoto suka ƙi bi, aka ci garinsu. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, bayan tsarewa da yunwa mai tsanani. Sarki Magajin Haladu ya fita zuwa Ɗankama, da aka ci su a can ya faɗa rijiya. Ummarun Dallaji ya zama sarki. Sababbin masu mulki kuwa suka yi yadda Korau ya yi, ba su zubar da tsofaffin sarautu ba. Sarautar 'Yandaka ta koma gidan Na Alhaji, ita ce ta Dutsin-Ma a yau, hakimin Kurfi kuma Maraɗin Katsina a ke ce masa, ita ma tsohuwar sarauta ce tun ta zamanin Haɓe.

Abin da bai komo ba shi ne kasuwa. Ɗan Kasawa ya tattara sauran zuriyar Korau, suka bi ta Damagaram, daga baya suka kafu a Maraɗi, suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri, suka riƙa kawo hari shekara da shekaru. Maraɗi kuwa tafiyar kwana biyu ce ko uku daga birni, a kan bakin hanyar arewa. Baƙon da ya zo don aminci ba ya zama inda babu shi. Larabawa da manyan fatake suka kwashe dukiyarsu da wakilansu suka koma Kano. Sa'ad da Barth ya iso a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaji, ya tarar ganuwar na tsaye da tsawonta da kaurinta, amma cikinta yawanci gonaki ne da kufai, mutane sun tattaru a kusurwar arewa maso yamma, ya ƙiyasta ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba. A Maraɗi kuwa, wadda rabon ƙasa na Ingilishi da Faransa ya bar ta a cikin Nijar, sarkin garin har yau Sarkin Katsina a ke kiransa.